Mu Hau Dutsen Dala

Da yawa cikinmu a Sabon Gari ko Fagge aka haife mu, amma idan aka tambayi aji guda wa ya taɓa hawan Dutsen Dala, da ƙyar ake ganin hannu uku a sama. Abin kunya ne, domin tafiyar ba ta da nisa. Mutum zai ratsa Fagge, ya shiga birni ta Ƙofar Mazugal, sai ga jan dutsen a gabansa cikin gidaje.

A nan Kano ta fara. Ƙasar dutsen tana da tama, kuma masu tonon kayan tarihi sun gano cewa tun wajen ƙarni na 7 maƙera suke narkar da ƙarfe a gindinsa. Littafin Tarihin Kano ya ce Barbushe, daga zuriyar wani mutum mai suna Dala, shi ne shugaban masu bautar Tsumburbura. Sau ɗaya a shekara yake shiga wurin tsafin, ya fito ya faɗa wa jama'a abin da zai faru. Bayansa ne Bagauda ya zo, a shekarar 999, sarauta ta kafu.

Akwai matakala har ƙoli. Kowane ɗalibi ya ƙirga su da kansa, kuma a tafi da sassafe da ruwan sha, don rana ba ta wasa a can sama.

Idan mun kai, kada mu yi gaggawar ɗaukar hoto. Mu fara duban yamma, ga Goron Dutse. Wajen kudu akwai Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, duka aikin Sarki Muhammadu Rumfa ne (1463-1499), da hasumiyoyin Babban Masallaci. Sannan mu nemi ragowar ganuwa wadda Sarki Gijimasu ya fara. Bayanta ta gabas ga Fagge, inda ayarin raƙuman Buzaye ke sauka a da. Gaba da ita ga Sabon Gari, wadda ta tashi bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A tarihin garin nan, unguwarmu jaririya ce.

Abin da ba zai yi mana daɗin gani ba shi ne zaizaya. Ruwan sama yana cin gefen dutsen, gidaje sun matso jikinsa, ga shara ko'ina. Ledar da muka hau da ita, mu sauko da ita. Mu kuma gai da dattawan unguwa da za mu tarar a gindin dutsen kafin mu taka matakala ta farko.