Yadda ake kamo saƙon cutar daji a ɗigon jini

Wanda ya taɓa raka mai ciwon suga kemis a Dabai ya san abin: a huda yatsa, a ɗiga jini a bakin tsinken gwaji, kafin ka gyara zama lamba ta fito. Sinadarin da ke jikin tsinken ne ke cin sugan, lantarki kaɗan ya gudana, na'ura ta auna. Wannan dabarar ce masana ke son juyawa kan cutar daji.

Ƙwayoyin halittar jiki, masu lafiya da masu cuta, kan saki wasu 'yan ƙunshi cikin jini, kowane ɗauke da furotin ɗin gidansu a bayansa. Sai ka jera kusan dubu kafin su kai kaurin gashi ɗaya. A jinin tumaki Rose Johnstone ta jami'ar McGill a Kanada ta gano su a 1983, daga baya ta raɗa musu suna eksozom. Ga yadda ɗakin binciken Hakho Lee a Boston ta Amurka ya auna su a 2016, da na'urar iMEX.

Da farko a juya jini a inji, ƙwayoyin su kwanta, a ɗebi ruwan saman. Maikurolita 10 ya isa, bai kai ɗigo guda ba.

Sai tsinta, kuma a ganina nan aikin yake. Ruwan jini cike yake da tarkace, ƙunshin kuwa kamar tsabar gero ne a tulin yashi. A da, sai wani inji mai tsada ya yi sa'o'i yana juyi kafin su taru. Masanan Boston kuwa sai suka zuba ƙananan ƙwallayen maganaɗisu, an shafe su da furotin ɗin garkuwar jiki mai cafke alamar da eksozom suka saba ɗauka, irin su CD63. A kanga maganaɗisu a jikin kwalba, ƙwallayen su manne da abin da suka kamo, a tsiyaye sauran, a ɗauraye. Ɗaurayar nan ba ta son ha'inci. Ɗan dattin da ya rage zai sa na'ura ta yi ƙarya.

Daga nan a zuba furotin ɗin garkuwa na biyu, wanda bai san kowa ba sai alamar da ake zargi. A dajin ƙwan mace, EpCAM da CD24 suka nema. A wutsiyar furotin ɗin na biyu an ɗaura sinadarin HRP. A sake ɗauraya.

Yanzu a ɗora ƙwallayen kan ɗan faifan ƙarfe mai karɓar lantarki, maganaɗisun da ke ƙarƙashi ya jawo su su kwanta a kansa. A ƙara sinadarin TMB da ruwan nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi, haidurojin feroksaid. HRP ya riƙa ƙwace lantarki daga TMB, faifan yana mayar masa, na'ura tana lissafin abin da ya wuce. Yawan alama, yawan wuta. Duka cikin awa guda.

Faifai 8 suka sa, don alama ɗaya ba ta yanke hukunci: akwai EpCAM a jikin mai lafiya ma. Gwajin kuma bai zama na yau da kullum a asibitoci ba. Matar da likita ya yi wa zargin daji a ƙasar Zuru, har gobe sai an yanki tsoka an duba, sau da yawa bayan ta biya kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato.