Malami Ɗaya, Yara Nawa?

Gaya tsohon gari ne a gabas da Birnin Kano, Ajingi kuwa maƙwabciyarta ce. Yawancin mutanen wurin manoma ne. Yaron da ya gama firamare sai ya wuce sakandaren Gwamnati, wani a ƙafa, wani a kan keke.

A shekarar 2019 Gwamnatin Kano ta ce ilimi kyauta ne, kuma dole ne. Amma tara yara ya fi samun malamai sauƙi. A 2024 sai da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ƙarancin malamai kuwa yana cikin dalilan.

Tsarin ilimi na Nijeriya ya ce malami guda ga yara 40 a babbar sakandare. Ga dalili. A ce malami yana duba littafin kowane yaro cikin minti 3. Littattafai 40 za su ci masa sa'a 2. In yaran 100 ne, sai sa'a 5, ga shi gobe ma da wani aikin. To, sai ya rubuta amsa a allo, kowa ya duba nasa. Wanda bai gane ba ya yi shiru.

Malami ne kuma ke lura da yarinyar da ba ta ganin allo daga baya, da yaron da ya daina zuwa da kaka ta yi. In ya san su, yakan je gida ya ga iyayensu. A cikin yara 100 kuwa, sai yaro ya yi mako biyu a gona kafin a tambayi inda yake.