TAFIYAR DAMINA: YADDA ZA KA ZAƁI ZANGO

Ya kai makiyayi, da kai manomi mai dabbobi, ga damina ta kama. Shuka ta fito, gonaki sun rufe ko'ina a kewayen Yamai. Unguwanni irin su Koira Kano duk sun zama gidaje da kwalta, babu filin da garke zai kwana. Dole a ɗaura kaya a kan jakuna da amalanke, a haɗa ayari, a nufi arewa, ko ta hanyar Wallam ko ta Baleyara zuwa Filinge. Darasinmu na wannan karo a kan abu ɗaya yake: wurin kwana. Yawancin asarar tafiyar damina da dare take faruwa, a zangon da aka zaɓa cikin gaggawa bayan duhu ya yi.

KAFIN A TASHI

Ruwan da Yamai ke samu a shekara yakan kai wajen milimita 500 zuwa 600, daga Yuni zuwa Satumba, kuma Agusta ya fi kowane wata ruwa. Saboda haka:

1. Ka je wurin malamin dabbobi a yi wa garkenka allurar saifa da ta harbin daji, aƙalla sati 2 kafin tafiya, don allura ba ta kamawa a rana ɗaya. Ka riƙe takardar a cikin leda.
2. Ka tanadi tamfol, igiya, tocila, gidan sauro, kanwa, da ashana a cikin kwalba. A ɗora busasshen itace kaɗan a amalanke a rufe.
3. Ka riƙa sauraron hasashen ruwa a rediyo, musamman Muryar Sahel.
4. Arewacin jihar Tilaberi na fama da rashin tsaro. Ka tambayi hukuma da garso wace hanya ce ake bi, kada ka yi gaban kanka.

A KAN HANYA

Tafiya sannu sannu kwana nesa. Garken da ke da maruƙa da shanu masu ciki kada ya wuce kilomita 10 zuwa 15 a yini. Mutum ɗaya ya riga ayari gaba tun da hantsi, ya duba wurin sauka ya dawo da labari. A sauka da la'asar, rana na sama. Wanda ya sauka da magariba ba ya ganin abin da ya sauka a kai.

WURARE 5 DA BA A KWANA

Na ɗaya, cikin kwari ko ƙorama, ko da ta bushe ƙayau. Yashin kwari yana da laushi da daɗin kwanciya, nan ne kuma haɗarin yake. Ana iya yin ruwa can nesa, kai kana kallon taurari, cikin dare sai ka ji ruri, kafin ka kwance maruƙa ruwa ya iso. Mutanen Yamai sun san halin Gunti Yena. Ka dubi jikin itatuwa: inda ka ga ciyawa da shara sun maƙale a reshe, to ruwa ya taɓa kaiwa nan. Ka hau sama da wannan alama sosai.

Na biyu, bakin kogi da fadama. A watan Satumba na 2020 kogin Kwara ya kai mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa shinge ya cinye unguwanni da gonakin shinkafa. A 2024 ma ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a ƙasar nan. Ban da ruwa, laka tana jiƙa kofato har ya ruɓe, dabba ta kama ɗingishi.

Na uku, bakin tabki. Sauro da ƙudan cizo nan suke taruwa. A 2016 zazzaɓin da ake kira na Rift, wanda sauro ke yaɗawa, ya ɓulla wajen Cintabaradan da Tasara cikin jihar Tawa, dabbobi suka yi ta ɓari, mutane ma suka rasu. A tabki ne kuma ake samun ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar hanta. Ka shayar, ka janye garke nesa, inda iska ke kaɗawa.

Na huɗu, ƙarƙashin babban itacen da ke tsaye shi kaɗai, ko ƙololuwar tudu. Tsawa abin da ya fi tsawo take nema, kuma idan shanu sun cunkushe a gindin itace, faɗuwa ɗaya sai ta kwashe da yawa. Gawo ma da damina ba shi da ganye, ba abin da zai tare maka.

Na biyar, tsohon zangon da dabbobi suka taɓa mutuwa farat ɗaya. Ƙwayar saifa tana yin shekaru da dama a cikin ƙasa ba ta mutu ba, ruwa na tono ta. Tambayi mutanen gari, sun san wuraren. Idan dabba ta faɗi haka kawai, jini na fita ta hanci ko ta baya, kada a feɗe, kada a ci, kada a ɗauki fata. A sanar da malamin dabbobi mafi kusa.

TO, INA ZA A SAUKA?

Ka nemi jigawa mai ɗan gangare, tsakanin tudu da kwari, inda ƙasa ke shanye ruwa da wuri. Fako ba shi da laka amma ruwa na gudu a kansa, sai ka ja ɗan rami ta sama da bukka don ya bi gefe. Hadarin ƙasarmu galibi daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, don haka ƙofar bukka ta dubi yamma. Dangwalin maruƙa da wurin ƴan raguna su kasance sama da wurin manyan shanu, don kashi da fitsari kada su gangaro musu. Hatsi da gishiri a ɗora su kan itace. A tura hayaƙi da yamma saboda ƙwari. Yara da mata masu ciki su kwana cikin gidan sauro, ruwan sha kuma a tafasa.

Idan za a daɗe a wuri, a riƙa gusar da makwancin dabbobi. Ƙwan tsutsar ciki da ke fita cikin kashi, da zafi da laima, kwana 4 zuwa 7 ya ishe shi ya zama abin da zai kama wata dabba. Kada kuma a saki dabba mai yunwa cikin ɗanyar ciyawa da sassafe raɓa ba ta bushe ba, kumburin ciki ke biyo baya. A duba kaska kullum a hantsa da kunne da gindin wutsiya.

ƘETARE RUWA

Idan ƙorama ta kawo, a jira. Yawancinsu cikin ƴan awoyi suke janyewa. Mutum ya fara shiga da sanda. In ruwa mai gudu ya kai gwiwa, ba a shiga da yara ko ƙananan dabbobi. Ba a ƙetarewa da dare.

KAI DA MAI GONA

Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010 sun amince maka da haƙƙin tafiya da dabbobinka, sun hana a nome burtali. Amma ba su ba ka izinin shiga gona ba. Ka sauka nesa da shuka, ka je ka gai da mai gari tun kafin ka kafa bukka, a sa masu gadi da dare. In ka tarar an toshe burtali, kai ƙara wurin mai gari da kwamitin ƙasa da ake kira Kofo. In dabbarka ta yi ɓarna, a kira shaidu a ƙiyasta a biya. Abin da ya faru a Toda cikin jihar Maradi a 1991, inda mutum fiye da 100 suka halaka, ya isa kowa darasi.

ABIN TUNAWA

Tura mai duba wuri tun da hantsi. Sauka da rana. Guji kwari, fadama da bakin tabki. Wanda ya iya karatu ya karanta wa ƴan'uwa wannan takarda kafin ayari ya tashi. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku da garke cikakke.