KIRCI A JIKIN YARO

Uwa, ki lura! Kirci ba ƙazuwa ba ne, ba a ɗaukarsa. Fata ce ke bushewa tana ƙaiƙayi, jariri a kumatu, babba a bayan gwiwa. Hunturu kan tsananta shi.

Yi wa yaro wanka da ruwa mai ɗumi, ban da soso ko sabulu mai ƙamshi. Kafin jikinsa ya bushe, shafa masa basilin ko man kaɗe, safe da yamma, ko da kircin ya kwanta. Yanke masa farce.

Kada ki sayi maganin shafawa a kasuwa, wani yakan ɓata fata.

In wurin ya fara ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya zo, kawo shi asibiti yau. Kada ki jira ranar awo.