Ɗaure Katakon Rufi da Kankare Kafin Iskar Farkon Damina

Iskar farkon damina ɗaga rufi take yi sama, kuma ta fi cin ƙarfinsa a kusurwa da bakin kwano. Guguwar da ta auka wa Bauchi a watan Yunin 2018 ta yaye rufin gidaje da dama. A irin wannan ɓarna sau da yawa za ka tarar da kwano da katako sun tashi tare, suna haɗe, sun faɗa gidan maƙwabta. Wato ƙusa ta yi aikinta, mahaɗar katako da gini ce ta saki.

1. Ka je wurin aikin da kanka ranar zuba linta, ka zo da kafinta. A ranar ake binne abin ɗauri: rodi siriri mai milimita 6, ko langa-langa mai kauri. A lanƙwasa gindinsa ya rungumi rodin da ke cikin lintar, a bar sama da tsawon da zai naɗe katako ya sauko. Tazara kada ta wuce mita 1, a ƙara matsowa a kusurwa. Idan za a ɗora layi biyu ko uku na bulo bayan linta, rodin ya ratso ta ramin bulon, a cike ramin da kankare. Wasu magina sukan soka rodi a layin ƙarshe kawai don sauri. Kada ka yarda, domin iska na iya ɗauke rufin har da bulon.

2. Idan aljihu ya ba da dama, bol da noti sun fi. Bol mai milimita 12, mai lanƙwasasshen gindi, ya nutse kamar santimita 15 zuwa 18. A sa faffaɗan ƙarfe mai huda a ƙarƙashin notin don kada ya nutse cikin katako.

3. Ƙusar kankare ta ƙananan ayyuka ce, kamar katakon silin ko maratayin labule. Ba ta riƙe rufi, kuma fasa bulo mai rami take yi.

4. A bar kankare ya sha ruwa safe da yamma. A kwana 7 wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa kawai ya samu, sai ya kwana 28 ake ƙirga shi cikakke. Ɗaure noti da ƙarfi a kan ɗanyen kankare yana kwance bol daga ciki, ido kuma ba ya gani.

5. Kada katako ya kwanta a kan siminti kai tsaye. Kankare yana jan danshi, danshi kuma shi ke kiran gara da ruɓa. A shimfiɗa leda mai kauri ko a shafa kwalta tsakaninsu. A jiƙa katakon da maganin gara irin su Solignum, musamman bakin da zarto ya yanka, don nan ne kafintoci suka fi mantawa. Baƙin mai da aka saba shafawa ya fi babu, amma a ganina bai kai a dogara da shi ba a kan farin katako irin afara. Iyayenmu da suka yi rufi da azarar giginya sun huta da wannan, tunda gara ba ta cika samun ta ba.

6. Wanda gidansa ya riga ya ginu, a huda linta da injin huda a sa bol mai buɗewa a ciki. A nisanci gefe, kada kankaren ya tsage.

7. Ɗanyen katako yana tsukewa idan hunturu ya busar da shi, sai ɗauri ya yi sako-sako. Kafin watan Afrilu a tura kafinta cikin silin da tocila, ya ƙara matse noti, ya canza langa-langar da tsatsa ta ci.