Kofi da Karatun Dare: Abin da Ake Faɗa da Abin da Bincike Ya Nuna

Da zarar an manna jadawalin jarrabawa, kasuwar mai shayi ta buɗe. Wanda duk tsawon zango bai kusanci kofi ba sai ka ji yana cewa a zuba masa cokali biyu, wani ma ya juye Nescafé a cikin lemon kwalba, wai don ya kwana yana karatu. Akwai kuma waɗanda ko ƙanshinsa ba sa so, don sun ji an ce yana busar da jini, yana kawo olsa, har da kansa. Tunda abin ya shafi lafiyarmu da sakamakonmu, bari mu bi maganganun nan ɗaya bayan ɗaya.

Me ke cikin kofin?

Asalin bishiyar kofi ƙasar Habasha ce. A ƙarni na 15 sufaye a Yaman suna shan gahawa don su raya dare da zikiri, ka ga ashe shan kofi don korar barci ba yau aka fara ba. Abin da ke wannan aiki shi ne sinadarin kafeyin, wanda wani Bajamushe masanin kimiyya, Friedlieb Runge, ya fara tacewa daga ƙwayar kofi a 1819. Shi ne dai a cikin ganyen shayi, da lemon kwalba irin su Coca-Cola, da lemukan ƙara kuzari, da goron da kakanninmu ke taunawa. Don haka duk abin da za a faɗa a nan ya shafe su gaba ɗaya.

Tun daga lokacin da ka farka, wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa. Gwargwadon taruwarsa, gwargwadon nauyin idonka. Kafeyin ya yi kama da shi a siffa, sai ya je ya tare gurbin da adenosin ke zama, saƙon gajiya ya kasa isa. Gajiyar tana nan, ji ne kawai ba ka yi. Da kafeyin ya janye, abin da ya taru sai ya sauko maka gaba ɗaya. Rance ke nan, kuma da barci ake biyan sa.

"Yana buɗe ƙwaƙwalwa"

Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Kafeyin yana ƙara nutsuwa da saurin lura na ɗan lokaci, musamman ga wanda ya gaji. Amma karatu mataki biyu ne: shigar da abu, da kuma zaunar da shi. Na biyun a cikin barci ƙwaƙwalwa ta fi yin sa. Shi ya sa ɗalibi zai kwana a aji ido biyu, ya haddace shafi goma, gari ya waye ya zauna gaban takarda ya ji kansa fayau. Kofi ya riƙe masa ido, amma ya hana shi barcin da zai ajiye masa karatun.

"Ni ko na sha, barcina nake yi"

Kafeyin yana kai ƙololuwarsa a jini cikin minti 30 zuwa awa ɗaya, kuma hanta tana ɗaukar kimanin awa 5 ta kawar da rabinsa. To mu yi lissafi. Ka sha miligiram 200 da ƙarfe 10 na dare. Ƙarfe 3 na dare akwai kusan 100 a jikinka, ƙarfe 8 na safe akwai kusan 50. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2013 ya nuna cewa miligiram 400 da aka sha awa 6 gabanin kwanciya ya rage barcin mutane da fiye da awa ɗaya. Kana iya rufe ido, amma barcin ba ya nisa.

Jiki kuma ya bambanta. Wani hantarsa na saurin sarrafa shi, wani a hankali. Juna biyu da ƙwayoyin tazarar haihuwa suna sa ya daɗe a jiki. Haka ma maganin ciprofloxacin da ake yawan ba masu taifod, don haka in kana kan shi, ka sassauta. Kada ka auna kanka da abokin ɗakinka.

"Yana busar da jiki, yana shan jini"

Gaskiya ne kafeyin yana ɗan ƙara fitsari, musamman ga wanda bai saba ba. Amma kofi ai kusan duk ruwa ne. A 2014 masu bincike a Jami'ar Birmingham da ke Ingila sun gwada maza 50 da suka saba shan kofi, kofi huɗu a rana a wani lokaci, ruwa daidai wannan adadi a wani lokacin, ba su ga bambancin a zo a gani a ruwan jikinsu ba.

Maganar jini kuwa tana da tushe, sai dai an juya ta. Kofi da shayi ba sa shanye jinin kowa, amma in aka sha su tare da abinci suna rage yawan sinadarin ƙarfe da hanji ke tsotsa daga irin su wake da ganye, kuma da shi jiki ke haɗa jini. 'Yan'uwa mata da duk mai ƙarancin jini, a bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakanin abinci da kofi ko shayi.

"Yana kawo olsa"

Manyan abubuwan da ke jawo gyambon ciki biyu ne: ƙwayar cutar Helicobacter pylori, da yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac. Likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, sun sami kyautar Nobel a 2005 saboda gano rawar wannan ƙwayar cuta. Kofi dai yana ƙara ruwan tsami a ciki, yana iya tayar da ƙwannafi ko ya tsananta wa mai olsa zafi. In kana jin haka, musamman da ciki wayam, to jikinka ya gaya maka gaskiya, ka rage. In zafin ya ƙi tafiya, a je asibitin makaranta.

"Yana kawo hawan jini da kansa"

Bayan shan kofi jini yakan ɗan hau na 'yan awanni, kuma abin ya fi bayyana ga wanda bai saba ba. Manyan bincike ba su nuna cewa shan sa daidai kima yana jawo ciwon zuciya ga mai lafiya ba. Amma mai hawan jini ko wanda zuciyarsa ke bugawa ba daidai ba, ya tambayi likita.

Batun kansa kuwa, hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Lyon a Faransa, ta sa kofi cikin abubuwan da ake zargi a 1991. A 2016 ta sake duba hujjoji ta cire shi daga wannan rukuni. A zaman nan ne kuma ta yi gargaɗi kan duk abin sha da zafinsa ya wuce digiri 65, don yana iya jawo kansar maƙoshi. Ke nan masu kurɓar shayi yana tururi, a riƙa bari ya huce.

To nawa ne ya isa?

Hukumomin kula da abinci na Amurka da Tarayyar Turai sun ce baligi mai lafiya ya tsaya a miligiram 400 a rana, na Turai kuma suka ƙara da cewa kada ya wuce 200 a zama ɗaya. Mai juna biyu ko mai shayarwa ta tsaya a 200 a rana. Kofi ɗaya na gari yakan kama daga 60 zuwa 100, ya danganta da hannun mai zubawa. Gwangwanin Red Bull na mililita 250 yana da 80, kwalbar Coca-Cola kuma 30 da 'yan kai. Haɗa su duka ake yi a lissafi, har da shayi da goro. Wanda ya zuba cokali uku a lemo, ya ɗora lemon ƙara kuzari biyu, ya tauna goro, yana iya cinye kason yini guda a dare ɗaya. Alamun an wuce gona da iri su ne rawar hannu, faɗuwar gaba, bugun zuciya da sauri, tashin zuciya da kasa zama wuri ɗaya. A zauren jarrabawa, wallahi waɗannan sun fi gyangyaɗi illa.

A lura kuma da abin da ke raka kofin. Sukari cokali huɗu da madarar gwangwani sau uku a rana, su ne abin tsoro ga haƙora da ƙiba, fiye da kofin kansa.

Wanda ya saba sha kullum, in ya daina kwatsam yakan ji ciwon kai da kasala bayan awa 12 zuwa 24, abin ya ɗauki kwana biyu zuwa tara. Wannan na daga cikin dalilan ciwon kan da mashaya shayi da maciya goro ke fama da shi a farkon azumi. Maganinsa a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan.

Ɗan'uwa ɗalibi, in za ka sha, sha da safe ko da rana, ka tsaya bayan la'asar. In barci ya ci ƙarfinka kana karatu, kwanta na minti 20 ka tashi. Daren jarrabawa kuma kada ka gwada abin da jikinka bai saba da shi ba. Baligi yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye, kuma karatun da aka rarraba cikin mako uku ya fi wanda aka cusa cikin dare uku zama a kai. Allah ya ba mu sa'a.