Kallon Wasan Wuta Daga Cikin Jirgin Ruwa

Wani mai sauraronmu daga Unguwar Dosa, Kaduna, yana tambaya: wane irin jirgin ruwa ya dace a shiga domin kallon wasan wutar sabuwar shekara?

To Malam, mun gode. A birnin Sidni na Ostareliya manyan jirage masu lasisi ke wannan aiki, kuma sau biyu ake harba wutar, ƙarfe tara na dare da kuma tsakar dare. A nan gida kuwa, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta Najeriya, NIWA, ta hana zirga-zirgar jiragen ruwa da daddare, saboda haka kada ka shiga kwalekwale a Kogin Kaduna cikin duhu. Idan tafiya ta kai ka inda aka yarda, nemi jirgi mai lasisi mai rigar ceto. Rigar ceto, Malam, ga kowa har yara. Jirgin da aka maƙare da mutane kuwa, ƙyale shi ya wuce.